Iskar da Na Sayo a Kano

Tun da na dawo ban huta ba. A garaji tambaya, a bakin masallaci tambaya, ko wajen mai nama na tsaya sai wani ya matso ya ce, "Lawali, wai da gaske har Kano ka tafi sayen iska?" Da gaske ne. Na tafi, na sayo, na biya da kuɗina, kuma da hankalina na yi. To ga labarin nan gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in sha shayina.

Wanda bai san aikinmu ba sai in fara masa daga tushe. Ni direba ne, na fi shekara ashirin ina jan kat-kat, wato motar nan mai ja da taya huɗu, tsakanin Agadas da Fachi. Motar ta Alhaji Bawa ce, ɗan kasuwar da ke aika hatsi da sukari da ganyen shayi can, a dawo masa da dabino da gishiri. Mota biyu muke tafiya kullum, tawa da ta Gumur. Gumur Ba'abzine ne, tsarana, ya fi ni sanin hanya ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

In za ka shiga rairayi sai ka rage iskar taya ta yi faɗi, in ba haka ba mota ta nutse. Rage iska ba wuya, tsinke ma yana yi. Mayar da ita ne aikin. A hanyar dawowa, in ka fito daga rairayi ka hau tsandauri mai duwatsu, dole ka cika tayoyin nan huɗu, in ka ƙi dutse ya yanka maka su. Da famfon hannu muke yi, kowane direba da motarsa. Ƙananan injunan nan da ake haɗawa da batir na ƙona guda biyu, rairayi ba ya barinsu su tsufa.

Shekara biyu ke nan bayana ya ƙi ni. In na sunkuya kan famfo na buga goma, sai in ji kamar an soka mini ƙusa a ƙugu. Likita ya ce in bar aikin sunkuyo. Ban faɗa wa kowa ba sai Rabi matata, domin Alhaji yana da ƙa'ida guda: direban da ba ya iya tayarsa, ba ya aika shi hamadar Tenere. Na ga yadda aka yi da wanda na gada. An karɓi makulli a hannunsa, aka ajiye masa kujera a ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar kayan Alhaji, yana korar awaki. Ni kuwa wallahi tsoron kujerar nan nake ji fiye da tsoron ɓata a rairayi.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne rowar Gumur. Fatar famfonsa ta lalace, fatar da ba ta kai kuɗin goro ba, amma shekara biyu mutumin nan ya kasa saye. Duk muka fito tsandauri sai ya zo yana sosa rawani ya ce, "Lawali, ara mini naka. Kai ka aza shayi, in na gama tawa in yi taka, ladan aro." Ni kuma in yi masa tsiya son raina, in ce ko kafinta ba ya zuwa aiki da aron guduma, sannan in miƙa masa. A zuci ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da marowaci.

Ana nan sai Alhaji ya ce tafiya mai zuwa da shi za a yi, yana son ya ga masu dabinonsa ido da ido, kuma a motata zai zauna. Ranar ban iya cin tuwo ba. Alhaji ba yaro ba ne. In ya ga direbansa zaune yana fifita gawayi wani na buga masa taya, kallo ɗaya ya ishe shi.

A wajen Usaini mai walda na ga mafita. A bayan rumfarsa akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe da ta rage tun zamanin da Nasara ke zuwa yawon buɗe ido. Ya ce da idonsa ya ga ana aiki da ita: ka maƙala tiyo, ka murɗa, kafin ruwan shayi ya tafasa taya huɗu sun tashi, ba sunkuyo ba gumi. Na sayi tukunya. Ya ce sai da kai mai agogo biyu na awon iska, na saya. Ya ce sai da tiyo mai jure sanyi, na saya. Ya ce ba a kwantar da ita, sai a tsaye, don haka sai ya ƙera mata mazauni a bayan kujera, na biya. Kuɗin da nake tarawa na rufin ɗakin Rabi duk suka bi ta nan. Da ya gama ya goge hannu, na ce to a zuba iskar in gani.

"A'a, Baba Lawali," in ji shi, "wagga kam ba ni da ita."

Sai a lokacin ya tuna. Wai ba iskar famfo ba ce, irin wadda ake sa wa lemon kwalba ce yana tsirtuwa, ita ce kuma a cikin jajayen tukwanen kashe gobara. Na zaga gari. Mai gas ɗin girki ya ce in ina son in tashi da mota da fasinja sama to ya zuba mini. Masu walda suka ce tasu ta fi wannan haɗari. Usaini ya ce shi dai inda ya tabbata ana cikawa Kano ne, ya rubuta mini sunan wani Malam Nasiru a bayan kwalin sigari.

Na shiga kar ɗin Damagaram, wato babbar bas, da tukunyata. A tasha aka ce ba a sa irinta a cikin kaya, sai dai in riƙe ta tsakanin ƙafafu, kuma in biya mata rabin kujera. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce ita ba ta zama kusa da abin da zai fashe. Na ce mata, "Inna, babu komi ciki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To in babu komi, mi kake ɗauke da ita?" Sai na ba ta dabino muka shirya.

A kan iyaka wani jami'i ya ƙwanƙwasa tukunyar da biro ya tambayi abin da ke ciki. Na ce babu komai. Ya ce ina za ni da ita. Na ce Kano, sayen iska. Bai yi dariya ba, bawan Allah. Ya dai tashi ya kirawo abokan aikinsa biyu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ɗayansu ya ɗaga hannu ya nuna mini sararin Allah ta arewa ya ce, "Malam, duk wagga da kuke da ita can ta ƙare?" Suka buga mini hatimi, suka ce in na dawo in tsaya su ga kalar ta Kano.

A Kano na sauka gidan wani fatoma da ke karɓar mutanenmu. Tun daga ƙofa sunana ya koma Buzu. Kakana Bakatsine ne, a Agadas duk rayuwata Bahaushe ake ce mini, amma kwana biyar da na yi a Kano ban samu mutum ɗaya da ya yarda ba. Wani ya tambaye ni raƙumana nawa. Na ce mota nake ja, ya ce ai ya sani, amma a gida fa?

Mutanen kirki ne, sai dai ba su da lokaci. Gaisuwar da mu za mu kai ta har kan awaki da mutanen ƙauye, su a numfashi ɗaya suke gamawa suna tafiya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shayinsu. Mai shayi zai ɗauko kofi irin wanda muke alwala da shi, ya cika da ruwan zafi da madara, ya miƙo maka da rabin burodi, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na tambaya ina kofi na biyu da na uku irin namu, ya ce in ina so sai in sake biya. A wajenmu shayi dalilin zama ne. Amma gurasarsu da ƙuli da yaji, wannan kam na sara musu, har na yi guzurinta.

Shagon Malam Nasiru cike yake da jajayen tukwane. Gajere ne, mai tabarau, ba ya ɗaga kai in yana magana. Ya duba wuyan tukunyata ya karanta wasu lambobi ya ce, "Oga, wannan ai ta girmi ɗana na fari. Sai an gwada ta da ruwa tukuna, in ba haka ba ba zan cika ba." Kwana uku, da kuɗinsa daban. Na zauna gidan fatoma ina cin gurasa ina amsa sunan Buzu.

Ranar cikawa ya ɗora ta kan ma'auni. Ashe a kilo ake sayar da iska, kamar nama. Ya maƙala tiyo, tukunya ta yi ta gurnani, ya zuba wa ma'auni ido, can ya rufe. Na ce masa to gyara fa? Ya ce wane gyara? Na ce ko barkono ka saya a kasuwa ana ɗan ƙara maka, balle ni da na keto ƙasa biyu. Ya ce, "Buzu, in na yi maka gyara a nan, rana ta buge ta, a hanya za ta yi maka tsawa ta zubar da duka. Ba a cika ta fam." Na ce a raina, ga rowar birni an sa mata tabarau.

Ina cikin wannan fushin ya yi mini bayanin da ya fi kowanne amfani. Ya nuna agogon da ke kan tukunya ya ce kada in yarda da allurar nan. Wai iskar a ciki ruwa ce kwance, muddin akwai ko ɗan kaɗan allura ba za ta sauka ba, sai ranar da ta ƙare ta faɗi gaba ɗaya. In ina son sanin abin da ya rage, in ɗora a sikeli. Na ce to, to, na ji. Ban ji ba. Ina can ina lissafin gyaran da aka hana ni. Abin haushi kuma, cikin duk abin da na kashe tun daga rumfar Usaini, iskar ita ce mafi araha. Gurasar da na ci ta fi ta tsada.

Da na iso kan iyaka jami'in nan ya hango ni ya ce, "Mai iska ya dawo!" Tayar babur ɗinsa ta baya ta yi laushi. Na maƙala, na murɗa, kafin ya gyara hula ta tashi. Kan tukunyar ya yi fari fat da ƙanƙara, suka riƙa taɓawa suna janye hannu. Nan na fara jin daɗin kaina, kuma nan asarata ta fara.

Na iso Agadas saura mako guda a tashi, labari kuwa ya riga ni. Ku da kuke tambayata yanzu, ku ne dai kuka yi layi a ƙofar gidana. Ɗan kabu-kabu ya zo, mai amalanken jaki ya zo, makwabcina ya kawo baro. Wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya zo da kekensa, tayoyin lafiya lau, ya sace iskar a gabana don ya ga yadda ake mayarwa. Yaya zan yi? A garin nan ba a taɓa jin wanda ya hana iska ba. Mai faci ma in ya san fuskarka kyauta yake buga maka. Mu da muke bin Tenere kuwa, mutum ya roƙe ka ruwa ko iska ka hana, har jikokinka sai an gaya musu. Ba zan iya buɗe baki in ce wa mutum wannan iskar ta kilo ce ba.

Kuma gaskiya ban so in hana ba. Kullum na gama sai in dubi allura, tana nan inda take. Da rana in zafi ya taso har ɗan hawa take yi. Wani dattijo ya leƙa ya gani ya ce wannan albarkar kyauta ce, ni kuma na gyaɗa kai kamar da ni aka yi shawarar. Da yamma nakan shigo da ita gida saboda ɓarayi. Wata safiya Rabi ta jawo ta za ta yi shara ta ce, "Malam, tukunyar nan ta yi sauƙi fa." Na ce mata ita da ba ta san agogo ba ta bar wa masu ilimi.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne abin da na yi wa Gumur. A garaji, gaban mutane, na ce masa zamanin aro ya wuce. Na ce famfona a gida zan bar shi, in ya ga dama ya sayi fata, in bai ga dama ba ya hura da baki. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "To, Lawali."

Muka tashi, Alhaji a gaba kusa da ni da carbinsa da ƙaramar rediyo. Tafiya ta yi kyau. Muka rage iska a bakin rairayi, muka bi sawun Gumur, Alhaji yana ta mamakin yadda muke gane hanya a wurin da ko kara babu. A Fachi aka sauke mu gidan mai dabinonsa, aka yi mana tuwon gero da miyar busasshen nama, aka cika mu da dabino har na daina son ganinsa. Mutanen can in sun gaishe ka da Barbarci sai su sake da Hausa, wai ko ta farko ba ta isa ba.

Ranar da za mu juyo aka ce wata babbar mota ta gishiri tana bakin gari da taya biyu a ƙasa. Alhaji, wanda ya kwana biyu yana ba mutane labarin tukunyar direbansa, ya ce, "Lawali, je ka nuna musu." Tayar babbar mota ba tayar baro ba ce. Na tsaya ina jin iskar Kano tana wucewa, tana wucewa, har suka tashi. Na dubi allura na ga kamar ta ɗan sunkuya. Na ce sanyin safiya ne.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, muka fito daga rairayi muka hau tsandauri. Motoci cike da gishiri, gabanmu duwatsu har gida. Alhaji ya sauko ya gyara tsayuwa zai yi kallo. Na maƙala tiyo a tayar gaba, na murɗa. Ta fara tashi, ta kai rabi, sai tukunyar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta yi shiru. Allura ta kwanta a ƙasa. Na girgiza ta, na ƙwanƙwasa agogon da yatsa. Na kwance ta daga mazauninta, na ji da hannu ɗaya ma ina iya ɗaga ta, ni mai ciwon baya.

Ni dai kujerar ƙofar mangaza nake gani.

Gumur ya taka zuwa motarsa, ya ɗaga kujera, ya jawo famfonsa. Ya zo ya durƙusa gaban tayata ya ce da ƙarfi, yadda Alhaji zai ji, "Mutumin da ya ba rabin gari iska, yau kam ya huta. Lawali, aza muna shayi." Ya fara bugawa. Famfon yana shan iska yana turawa lafiya lau, ko tsiyaya babu.

Na kawo masa ruwa na tsuguna kusa da shi. Da ya buɗe famfon zai ɗiga mai, na ga fatar. Ba sabuwa ba ce. Tsohuwa ce baƙa ƙirin, ta sha mai ta yi laushi, irin wadda ta shekara biyar a wurinta. Na yi ƙasa da murya na ce, "Yaushe ka gyara shi?"

"Ban taɓa shi ba."

"To ai ka ce ya lalace."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tun ranar da na ga kana sauka mota kana riƙe ƙofa na ce ya lalace. Je ka, ruwanka na tafasa."

Na koma gaban gawayi. Ina zuba shayi ina ƙirga abin da ban taɓa ƙirgawa ba: taya takwas duk tafiya, shekara biyu, mutum tsarana mai furfura a ƙarƙashin rawani. Ni kuma ina zaune a inuwar mota ina kiransa marowaci. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Da na miƙa wa Alhaji kofi na biyu na ce, "Alhaji, bayana ya mutu shekara biyu ke nan. Ba na iya famfo. Gumur ke yi mini." Ban so in faɗa ba, amma ba zan iya barin mutumin nan ya sake yin ƙarya saboda ni ba. Alhaji ya shanye shayinsa, ya daɗe yana kallon Gumur yana sunkuyawa yana tashi, sannan ya ce, "Mu isa gida."

Tukunyar tana nan a tsakar gidana, Rabi tana ɗaure akuya a jikinta. Wanda ke so ya zo ya saya, amma ya sani iskar tana Kano, kuma ba a gyara.

Kwana uku da dawowarmu Alhaji ya aiko kirana. Na tafi da makulli a aljihu, na ajiye masa a kan tabarma tun kafin ya tambaya. Gumur yana zaune a gefe yana wasa da bakin rawaninsa. Alhaji ya dubi makullin, ya sa yatsa ya turo mini shi.

"Na ji an ce famfon Gumur ya sake lalacewa," in ji shi. "Sai ka riƙa tafiya da naka, kada ku tsaya a hanya."

Na juya na dubi Gumur. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Fata ta yi tsada, Lawali."